Butar Tsahiru

Ran Litinin na kai jar akuyata kasuwa,
ita da ɗiyanta biyu a igiya ɗaya,
na juyo ban waiwaye su ba.

Kuɗin na ajiye gaban Tsahiru mai taki.
Buhu uku ya aza mani bisa amalanke,
ya ce, "Na waje ne wannan, ɗan'uwa,
Jiratawa kaf ba su ga irinsa ba."

Na zuba wa tumatir, na zuba wa barkono,
na yi ban-ruwa har tafin hannuna ya tsage,
ganye ya yi ɗorawa tun bai fid da fure ba.
Da na jiƙa ragowar a ƙwarya sai ga ta kwance,
yashin gulbi da toka,
ko narkewa ba ta yi ba.

Shekarar nan Cima ta sai da kwallayenta,
Batula ta bar lakwal ta koma tallan zogale,
ba mu ga girbi ba.

Na ƙi shi. In faɗa a fili, na ƙi shi,
ƙin da ke tashe ni kafin ladan ya yi gyaran murya.
Nakan zagaya ta Bagalam don kar in ga shagonsa,
ya yi mani sallama sau uku, ban amsa ba.

Malam Harisu ya ce, "Ƙi aikin,
ka bar mai aikin ga Mahaliccinsa."
Na ce, Allah gafarta, a ina zan iske aikin shi kaɗai?
Hannu ya ɗinke bakin buhun nan,
hannu mai zoben azurfa, na gan shi.
In na zare mutumin, me ya rage? Yashi.
Ni kuwa yashi bai cuce ni ba.

Kuma da ban ƙi shi ba, da na haɗiye maganar,
da Laminu ya saya, da Illo ya saya.
Zafin nan ne ya kai ni fadama fadama ina faɗa.
Wa zai ce bai yi rana ba?

Cima ce ta kashe mani baki wani dare:
"Taki ya ci maka, da akuya uku, na yarda.
Amma yanzu ko yarinya ta yi dariya sai ka haɗe rai.
Walwalar gidan nan kai ka kai masa da ƙafarka,
shi bai zo ya ɗauka ba."

Damina huɗu ta wuce. Wata Juma'a
na makara, liman ya kusa sauka daga mumbari,
sai ga shi a bakin masallaci, ɓari ɗaya ya mutu,
buta ta kuɓuce masa tana malala a ƙasa,
sahu ya cika, kowa bai lura ba.

Na tsaya. Zuciya ta ce, ga ranarka.
Na ji daɗi, wallahi, na ɗan lokaci na ji daɗi,
ban ɓoye wa Allah wannan ba.

Sai na ga na sunkuya.
Na zuba ruwa a hannun nan,
zoben ya yi masa yawa, yana juyi a yatsa.
Na wanke ƙafar da ya kasa kaiwa.
Ya dube ni, karkataccen bakinsa ya motsa:
gafara ya nema, ko sunana ya kira,
ko cewa ya yi in ƙara ruwa?
Ban gane ba.

A gida Cima ta ce, "Ka yafe ke nan?"
Na ce a'a.
"To me ya kai ka?"
Na ce buta ce ta faɗi.
Ta tura mani akushi, ta yi shiru,
ni ma ban ƙara ba.